Gurbin Kuluwa

Tun ranar da na dawo daga Faransa ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. A lakwal, makarantar bokon da nake koyarwa, da an tashi hutun ƙarfe goma malamai sun kewaye ni. A gidan suna haka, a layin injin niƙa haka. "Malama Habsu, wai da gaske kin hau dandamali gaban Turawa masu gashi har gadon baya?" Da gaske ne, na hau. Amma labarin ya fara yin rassan da ban sani ba, don shekaranjiya na ji wata tana rantsuwa cewa har rawa na taka. Ban taka rawa ba, Allah ne shaidata. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Sai na ɗan koma baya, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya kai ni ba.

An haife ni a wani ƙauye ta gefen Baudeta. A shekarar babbar yunwa, zamanin mulkin soja na farko, ina da shekara shida. Babana ya riga ya yi kudu neman abinci, shiru ba labari. Da abin ya tsananta, uwata Kuluwa ta goya ƙanena ta bi sawunsa. Ni ta bar ni a hannun maƙwabciyarta Rahila, ta ce za ta dawo kafin shuka. Mu Musulmi ne, Inna Rahila kuwa Kirista ce, mijinta dattijo ne a ƴar majami'ar garin. Ita ta raine ni, ita take kora ni makarantar allo da tsumagiya, ita take tashina sahur alhali ba ta azumin. In an yi mata magana sai ta ce ajiya aka ba ta, yadda aka ba ta haka za ta mayar. Uwata ba ta dawo ba har yau, kuma babu wanda ya taɓa kawo mana labarin mutuwarta.

Kafin ta tafi, su huɗu ne suke dakan jar dawar taimako a gindin tsamiyar majami'a: ita, da Inna Rahila, da Lami, da Tabita. Wata Baturiya ma'aikaciyar jinya, Madam Odil, ita take dama wa yara kunu da garin. Dawar nan tauri gare ta kamar tsakuwa, ba ta dakuwa sai da lugude, wato mata su haɗu a turmi ɗaya suna sauke taɓare bi da bi. To a garinmu lugude yana da ƙa'ida. In ɗaya ta fita ba da nono ko duba tukunya, ba a shiga gurbinta. Ana ɗan dakatawa daidai inda taɓaryarta za ta sauka, don in ta dawo ta faɗa ciki ba tare da an yi karo ba. Sai ta ce ta gama sannan sauran su haɗe. Uwata ba ta ce ta gama ba. Don haka duk ranin nan matan uku suka yi ta daka suna bar mata wurinta: bugu uku, ɗan shiru, bugu uku, ɗan shiru.

A haka Madam Odil ta ɗauki sautin a kaset ta tafi da shi ƙasarsu. Ɗanta Bastiyan ya tashi yana jin kaset ɗin, ya girma ya zama makaɗin ganga a wata ƙungiya mai irin kiɗan da suke kira na ƙarfe, mai ƙara da gurnanin gita. Nasu ma wani reshe ne na daban, wanda waƙa ɗaya take kai rubu'in awa tana sauya tafiya. A kan dakan matan nan suka gina waƙar da ta fitar da sunansu. Mu ba mu san ana yi ba.

Sai bana, shekarar da fari ya sake kama mu kuma soja suka sake karɓar mulki, wani ƙunshi daga ƙungiyar nan ya iso hannun faston garinmu: faifai ɗaya da wasiƙa. Fasto ya aika Tasawa, inda nake aure, aka kira ni in karanta, ya jona na'urarsa da batirin mota, aka ɗauko Inna Rahila, wadda ita kaɗai ta rage cikin matan. Waƙar iri biyu ce a faifan. Ta farko tsohuwar ɗauka ce, tana farawa da sautin turmi zalla. Inna ta miƙe wuya, ta fara lanƙwasa yatsu.

"Wanga mu na. Ga ni nan, ga Lami, ga Tabita." Da ɗan shirun ya zo ta lanƙwasa na huɗu. "Ga Kuluwa."

Ta biyun a gaban jama'a aka ɗauke ta. Daidai wurin shirun nan sai Bastiyan ya doka wani farantin tagulla, taron kuma ya kwatsa ihu baki ɗaya. Kowane zagaye haka. Inna ta ɗaga hannu.

"Tsaya, Fasto. Wa ya shiga gurbin Kuluwa?"

Na yi mata bayanin abin da wasiƙar ta ce: suna shirin babban wasa don tunawa da waƙar, suna roƙon ɗaya daga cikin matan ta zo, sun ɗauki nauyin komai. Ta ce, "Ni gwiwata ba ta kai ni rijiya, balle Faransa. Ke za ki tahi, ɗiyata. Ki ce musu su hita daga gurbin mutane." Saƙon ke nan da na ɗauka, ba wani ba.

Maigidana ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ke da ko rediyo anka ƙara ma murya sai ki ce kanki na sarawa?" Amma shi ya yi ta zirga-zirgar buro, wato ofis, har takardar izinina ta fito, kuma shi ya kai ni tasha ya tsaya sai da kar, babbar motar fasinja, ta tashi.

Daga Tasawa zuwa Yamai wuni guda ne cur. Kusa da ni wani Alhaji ne mutumin Mayahi, mai sayen fata. Tun kafin mu kai Maradi ya gaya mini bana kasuwa ta yi kyau, dabbobi suna ta faɗuwa, fata ta yi araha. Na ce masa, "Alhaji, Allah shi ba ka kasuwar da za ka iya hwaɗi gaban mai garke." Da muka kai Konni ya saya mini ƙosai, ina jin don ya wanke kansa. Na ci kuwa. A gefen hanya mata ne jere da ƙunshin kaya a ka da yara a baya, sun baro ƙauyuka suna neman birni. Na kama kaina ina duba fuskar duk tsohuwar da muka wuce. Na san babu hankali a ciki, amma tun ina yarinya nake yi, kuma ban iya bari ba.

A wani shingen soja bayan Dogon Dutsi aka sauke mu duka. Wani soja ya karɓi kardantena, wato katin shaida, ya buɗe jakata, ya zaro wasiƙar gayyata. A samanta akwai tambarin ƙungiyar, ƙoƙon kan mutum da ƙahoni. Ya ja da baya.

"Malama, wanga kan gawa hwa? Ina za ki da shi?"

Mutanen kar suka zuba mini ido, har na ji wata tana a'uziyya. Raina ya ɓaci, sai muryar aji ta zo mini. Na ce, "Karanta layin hwarko in ji." Ya fara karantawa da ƙyar, na gyara masa kalma biyu, na ce ya maimaita. Ya maimaita. Kafin ya kai layi na uku ya gaji da ni, ya ninke takardar ya ce Allah ya kiyaye hanya, har da ƙamewa.

A Yamai na sauka gidan ƙanwar maigidana, na yi kwana tara ina bin layin biza. Matar da ke bayan gilashi ta tambaye ni mene ne tabbacin zan dawo. Na ce mata na bar miji, da ƴaƴa uku, da aji guda na yara, da tsohuwar da ta aike ni tana jiran amsa, in ta san yadda ake guje wa waɗannan ta koya mini. Ba ta yi dariya ba, amma ta buga hatimi.

Jirgin sama ba zan ce komai a kansa ba, don idona a rufe na yi rabin tafiyar. Abin da ya ƙona mini rai a iyakarsu ya faru. Na sayi kilishi mai kyau a Madawa, kan hanyar Yamai, don in kai wa mutane tsaraba, na naɗe shi cikin zane biyu. Wani kare ya zo ya shinshina jakata ya zauna, ƴan duwan, wato kwastan, suka kwance kayana gaban jama'a suka ɗauke kilishin da safar hannu, sai ka ce guba. Na ce musu ko ɗanɗanawa su yi kafin su zubar. Suka ce doka ce. Yajina dai ya tsira, kuma shi ya riƙe ni a ƙasar nan.

Ina fitowa na ga wani ƙato riƙe da kwali mai sunana, gemunsa a kitse, hannuwansa duk zane har wuya. Na ce a raina yau na shiga uku. Sai ƙaton nan ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar filin jirgi ya ce, "Sannu da zuwa. Ina gajiya?" Iyakar Hausarsa ke nan, uwarsa ta koya masa, kuma ta ce masa ba a gaida babba a tsaye. Na ce masa ai ya girme ni, ya tashi kada ya tara mana mutane. Shi ne Bastiyan.

A gidansa aka sauke ni, a wani ƙaramin gari, tafiyar awa uku a jirgin ƙasa. Matarsa Elen mutuniyar kirki ce. Ta riga ta tambayi inda alƙibla take ta manna takarda a bango, ta kawar da duk abin da ya shafi alade. Karensu ne dai muka yi ƴar tsama da shi, don shi a kan kujera yake kwana kamar mai gida, sai da aka yi sulhu aka hana shi hawa bene. Rana kuwa ba ta san lokacin faɗuwa ba. Zan yi la'asar in zauna jiran magariba har in fara hamma. Abincinsu ganye ne ɗanye da burodi mai sanyi, da wani cuku da aka kawo da alfahari, wanda da a gidana na ji warinsa sai na sa a duba bayan randa. Na barbaɗa yaji na ci, ban ɓata wa kowa rai ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Elen ta kai ni wani babban kanti, muna zagayawa sai na hango gero, zangarniya-zangarniya, an ɗaure da kyau cikin leda. Na yi murna na ce ashe suna cin tuwo. Ta ce a'a, na tsuntsayen keji ne. Na tsaya riƙe da shi, ina tuna matan da na bari a bakin hanyar Konni. Ba laifinta ba ne, amma ranar ban iya cin abincin rana ba.

Kwana biyu da zuwana aka kai ni gaida Madam Odil. Tana wani gida da ake tara tsofaffi, mai tsabta da furanni, kowa da ɗakinsa da talabijin ɗinsa. Ɗanta yana zuwa duk Lahadi, kuma a wurinsu wannan ɗa ne nagari. Mu a nan tsohuwa ko ba ta da komai tana da jikokin da za su dame ta da wanda za ta yi wa faɗa. Ban ga alamar yunwa a gidan ba, ban kuma ji hayaniyar yaro ko ɗaya ba.

Ta tsufa ƙwarai, amma da na yi sallama sai Hausa ta zubo mata, irin ta ƙauyenmu ta da. Ta tambayi Lami da Tabita, na ce sun rasu. Ta tambayi Rahila, na ce ita ta aiko ni. Sai na tambaye ta ko ta san dalilin ɗan shirun da ke cikin dakan. Ta ce ai hutawa suke yi, yunwa ta cinye musu ƙarfi, haka ta gaya wa ɗanta, haka shi ma yake gaya wa ƴan jarida. Na ce mata ba hutu ba ne. Na gaya mata ko na wane ne. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Doguwa, mai wushirya, mai jariri a baya." Na ce ita ce. Ni kaina na manta da wushiryar nan sai da ta faɗa. Muka yi kuka mu biyu, Bastiyan yana tsaye bakin ƙofa bai san abin da ake cewa ba.

Washegari suka tafi da ni inda suke gwaji, wani tsohon rumbun ajiye kaya a bayan gari. Su huɗu ne. Aka ba ni wasu ƴan robobi na toshe kunne, na ce ba na so, suna farawa na ce a miƙo. Ƙarar kamar an kunna injin niƙa goma a ɗaki ɗaya. Amma zan faɗi gaskiya: can ƙarƙashin rugugin nan na ji su. Na ji hannun Inna mai nauyi, na ji na Lami mai gaggawa. Waƙar takan tafi nesa, ta yi laushi, ta haukace, ta sauya tafiya sau nawa, sai ta dawo kan turmin nan kamar mai komawa gida.

Bastiyan ya nuna mini da yatsu yadda suke ƙirga ta: kowane bugu biyu, shirun ɗaya, ya zama bakwai. Ya ce wannan bakwai ɗin ita ce ta sa aka san su. Masu koyon ganga suna zama wata da watanni kafin su iya ta, ƙungiyoyin da suka biyo bayansu sun ara, har akwai malaman kiɗa da suke koyar da ita. Na ji kaina ya yi girma. Mata uku masu jin yunwa a gindin tsamiya, ko lakwal ba su taɓa shiga ba, ga ƙattin Turai suna gumi don su kamo hannunsu.

Sai na isar da saƙo. Na ga ba su gane ba, don haka na yi abin da na iya. Na sa aka kawo bokitin roba da sandunan goge ƙasa guda huɗu, na jera su kewaye da shi, na ce su daka bi da bi. Da suka kama tafiya na janye Loran, mai rera waƙar, na ce sauran su haɗe. Suka haɗe. Na tura shi na ce ya koma. Sandarsa ta yi karo da ta mai gita, ta sauka a kan yatsansa, ya yi tsalle yana zagi. Na ce to a sake, amma wannan karon a bar masa wurinsa. Ya fita, ya dawo, ya faɗa ciki lafiya lau. Na ce musu, "Kun gani? Ba ado ba ne. Wurin mutum ne."

Bastiyan ya ajiye sanda ya ce daga yau ba zai sake doka farantin nan a wurin ba. Loran ne ya ƙi. Kuma ba mugun mutum ba ne, maganarsa tana da kai. Ya ce shekara da shekaru mutane suna wannan ihu, ba su suka koya musu ba, jama'a ne suka ƙirƙiro abinsu. Akwai masu tahowa daga wata ƙasa don wannan ihun kawai, akwai wanda ya rubuto musu cewa shi ya riƙe shi lokacin da matarsa ta rasu. Ya ce, "Waƙar ta fita hannunmu, Madam. Ba wanda ya isa ya rufe bakin taro irin wannan." Na ce masa ni kullum ina sa aji guda na ƴan shekara bakwai su yi shiru, ba tare da lasifika ba, kuma rabinsu ba su karya kumallo ba.

Nan Bastiyan ya kawo shawarar da yake ganin za ta daɗaɗa mini. Ya ce za a nemo turmi da taɓarya, in hau dandamali, duk inda shirun ya zo in sauke bugu ɗaya, ɗiya ta cike gurbin uwarta. Ya ce jama'a za su yi kuka. Ban san sanda na miƙe ba. Na ce masa tun daga Baudeta na taso don in fitar da mutane daga wurin nan, shi ne zai tura ni ciki? In na shiga, ai na ce ta gama ke nan, kuma ba ni da bakin faɗin haka. Muryata ta yi sama har mai gita ya daina tsotsar yatsansa. Bastiyan ya yi ja har kunne ya ba ni haƙuri. A ƙarshe Loran ya ce zai ba ni minti biyu kafin waƙar, in yi magana da kaina, abin da jama'a suka yi kuma ba ruwansa.

Wasan da rana aka yi shi, a wani makeken fili da aka yanke ciyawa. Mutane sun fi na kasuwar Tasawa ranar da ta cika, kusan kowa cikin baƙaƙen kaya, maza da gashi har baya, mata da ƙarfe a hanci da leɓe. In kiɗa ya kama su sai su yi ta kaɗa kai kamar masu bori. Amma ban taɓa ganin taro mai ladabi irinsu ba. In wani ya faɗi, goma za su ɗaga shi. Wata mai koren gashi ta ga ina neman inuwa ta ba ni lemarta, ta tsaya a rana.

Da lokaci ya yi Loran ya kira ni. Na hau da atamfata da mayafina. Kun san mu ba ma kiran sunan uwa gatsau, ni ban taɓa faɗin nata da ƙarfi ba tun da aka haife ni. Na riƙe abin magana da hannu biyu na ce da Faransanci:

"Ku bakwai kuke ƙirgawa. Mu mutum huɗu muke ƙirgawa. Uku suna daka, ta huɗun ta tafi neman abinci da jariri a bayanta, ta ce za ta dawo. Sunanta Kuluwa, uwata ce. Wurin da kuke ihu wurinta ne, an bar mata shi don in ta dawo ta samu inda za ta shiga. Tsohuwar da ta raine ni, wadda hannunta kuke ji a farkon waƙar nan, ita ta aiko ni. Ta ce ku fita daga ciki."

Ban ƙara ko kalma ba. Babu wanda ya tafa, na ce a raina shi ke nan, na zubar da mutuncina a ƙasar mutane. Na koma gefe na tsaya bayan wata babbar lasifika.

Aka saki sautin turmi. Ganguna suka shiga. Shirun farko ya zo, sai kusan rabin filin ya yi ihu, don baki ya riga ya saba. A na biyu ihun ya ragu, na hango mutane suna dafa kafaɗar na kusa da su. A na uku wani ƙato shi kaɗai ya kwatsa nasa, abokinsa ya rufe masa baki da tafin hannu. Daga na huɗu babu kowa. Duk rugugin nan zai taho kamar zai tsaga ƙasa, bugu uku, sai ya ɗauke ɗif, har kana jin iska tana kaɗa tutocin dandamali, sannan ya dawo. Haka har ƙarshen waƙar. Loran yana rerawa hawaye yana bin gemunsa. Ni ban yi kuka ba. Na tsaya ƙyam ina lanƙwasa yatsu huɗu cikin mayafi, kuma ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba, da uwata, da matan nan, da ƙauyen da ko a taswira ba a sa shi.

Daga baya Bastiyan ya rubuto mini cewa abin ya bi gari. A wasanninsu na gaba tsofaffin masu zuwa su suke gaya wa sababbi tun a bakin ƙofa, kuma sun gyara bayanin da ke jikin faifan.

Na dawo ta hanyar da na bi, na iske an yi ruwan shuka. Ko kwana ban yi a Tasawa ba, na ajiye jaka na hau babur zuwa ƙauye, muna faɗuwa cikin rairayi muna tashi. Na sami Inna a ƙofar ɗakinta tana gyaran irin wake. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta bari na gama ba ta ce, "Sun hita?" Na kunna mata ɗaukar ranar a wayata.

Ta saurara har ƙarshe, ta ce in sake. Na sake. Ta ce, "To, yanzu sun yi hankali. Amma ki ce ma yaron ga yana sauri. Mai yunwa ba ta daka hakanga." Na ce zan gaya masa.

Ta ci gaba da tsintar wakenta, can ta ɗago.

"Kin hwaɗi sunanta?"

"Na hwaɗa, Inna."

"Da ƙarhi?"

"Da lasifika."

"Mutum nawa sunka ji?"

Na ce sun fi kasuwar Tasawa, kuma daga ƙasashe da yawa suka zo. Ta gyaɗa kai, fuskarta ta saki irin sakin da na daɗe ban gani ba.

"Madalla. Cikin jama'a mai yawa hakanga ba a rasa wanda ya gan ta. Ki bar wayarki kunne."

Na ce to, Inna. Har yau ban kashe ta ba.